Tambayoyi da Amsoshi Kan Keken Titi: Ladabin Ayari, Saitin Keke da Hirar Tsere

Duk wanda ya fara hawan keken titi, irin mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, ba ya daɗewa sai ya tarar da tarin ƙa'idojin da babu inda aka rubuta su. Wani ya ce masa safarsa ta yi gajarta, wani ya daka masa tsawa don ya taka birki, wani ya harare shi don ya wuce gaba. Ƙa'idojin nan kashi biyu ne: akwai waɗanda suke kare fatar mutum da ƙashinsa, akwai na kwalliya kawai. Matsalar ita ce tsofaffin hannu sukan faɗe su da murya iri ɗaya, sai sabon shiga ya kasa bambancewa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da nake gani a kansu.

Me ya sa masu keken titi suke manne wa juna haka kamar an ɗaure su da igiya?

Iska ce. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar gudu ya haura kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfin da mahayi yake zubawa a feda yana tafiya ne wajen keta iska. Nauyin keke da gogayyar taya kaɗan ne a lissafin. Kuma abin ba ya ƙaruwa a hankali: idan ka ninka gudunka, turjiyar iska tana ninkawa sau huɗu. Wanda ya fake a bayan wani yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, wanda yake can tsakiyar babban ayari kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Daga nan ne komai ya samo asali, ladabin hanya da dabarun tsere duka. Wanda yake gaba yana biyan kuɗi, na baya suna cin bulus, saboda haka dole a yi yarjejeniyar yadda za a raba wahalar.

Gobe zan fita da ayari karo na farko. Me ake so in kiyaye?

Abu ɗaya ne babba: ka zama wanda za a iya hasashen abin da zai yi. Mutumin da yake bayanka tayarsa ba ta fi taku ɗaya ko biyu da taka ba, kuma ba ya ganin hanya, bayanka yake gani. Idonsa yana hannunka. Don haka ba a taka birki kwatsam, ba a karkacewa gefe ba sanarwa, ba a daina murza feda haka kawai a tsakiyar layi. Idan ka ga kana neman hawa kan na gabanka, ka ɗan sassauta ƙafa, ko ka ɗago ƙirji iska ta rage maka gudu, ko ka shafi birki da yatsa ɗaya a hankali.

Na biyu, kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda kake bi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi zubar da mutane. Idan ya kauce wa rami ya goge ka, shi ko a jikinsa, wataƙila ma bai san an yi ba, kai ne za ka sha ƙasa, domin tayar gaba ita ce take riƙe da daidaiton keke. Kuma kana faɗuwa, mutum uku na bayanka suna kanka.

Akwai wani da ba a cika faɗa wa sababbi ba. Lokacin da mahayi ya miƙe tsaye kan feda a wurin hawa, kekensa yakan ɗan ja da baya, kamar taku ɗaya. Wanda ya iya yana ƙara danna feda a daidai lokacin da yake tashi, ko ya ce “zan miƙe”. Wanda yake baya shi ma ya bar 'yar rata da an fara hawan tudu.

Sauran kuwa sanin ya kamata ne. Ka zo da wuri, keke a shirye, da tib na ko-ta-kwana da famfo da ruwanka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gaya musu kai sabo ne, ka zauna a baya ka kalli yadda suke yi. Idan za ka tofa yawu ko ka fyace majina, ka koma ƙarshen layi tukuna. Kuma ka cire abin sauraron kiɗa daga kunnenka.

Waɗanne alamomi ne ake yi da hannu?

Nuna ƙasa da yatsa yana nufin rami ko dutse a wannan gefen. Buɗe tafi ana kaɗa shi ƙasa-ƙasa, yashi ne ko tsakuwa. Lanƙwasa hannu a gadon baya ana nuni zuwa gefe, akwai abin da ya tare hanya, mota a tsaye ko mai tafiya a ƙasa, a matsa. Ɗaga hannu sama, za a tsaya. Kaɗa gwiwar hannu daga wanda yake gaba yana nufin “na gama nawa, zo ka karɓa”. Kowane ayari yana da 'yan bambance-bambancensa, sai ka lura. Muhimmin abu shi ne alama ta ratsa layin har ƙarshe: idan na gabanka ya nuna rami, kai ma ka nuna. Amma in hanya ta yi muni har ba za ka iya sakin kan keke ba, ka yi amfani da baki. Ni dai ban yarda da masu ihu kan kowane ɗan tsagin kwalta ba, domin idan aka saba jin ihu, ranar da ramin gaske ya zo babu mai kulawa.

Yaya ake karɓa-karɓa a gaba?

Idan layi ya zo kanka, ka riƙe gudun da ka tarar. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne da ya ga hanya fetal a gabansa sai ya ƙara wuta, don kada a raina shi. Abin da yake jawowa shi ne wanda ya sauka yanzu, a gajiye, ya kasa kama jelar layin. Ka dubi gudun da ake yi kafin ka karɓa, ka tsaya a kai. Idan ka gama, ka waiga, ka yi alama, ka matsa gefe, ka sassauta har layin ya wuce ka kama baya.

Ba a auna mutum da daɗewarsa a gaba. Daƙiƙa talatin masu tsabta sun fi minti biyar da za ka ƙare da numfashi sama-sama ayari ya watse. In ba ka da ƙarfin ja, ka faɗa, ka zauna a baya. Abin da yake ɓata rai shi ne mutum ya laɓe tun safe yana kukan gajiya, sai an hango ƙarshen tafiya ya fito da ƙarfinsa cif ya tsere wa waɗanda suka jawo shi.

Idan ana tafiya biyu-biyu, ka jera kafaɗa da abokin tafiyarka. Akwai masu halin sa rabin taya a gaba koyaushe: ka ƙara don ka daidaita, shi ma ya ƙara, kafin a ankara fitar shan iska ta koma tsere. Wannan hali yana da suna marar daɗi a kowace ƙasa da ake hawan keke.

Na cim ma wani a hanya wanda ban sani ba. Zan iya fakewa a bayansa?

Ka yi sallama ka tambaya. Mutumin da bai san kana bayansa ba zai iya taka birki ko ya karkace a kowane lokaci, kuma ba laifinsa ba ne. Idan ya yarda, ka karɓi naka rabon. Idan mace ce ita kaɗai, ka gaishe ta ka wuce ko ka ba da rata mai yawa, domin bin mutum shiru a baya abin tsoro ne ko da niyyarka gudu kawai.

Idan tayar wani ta yi faci ko ya gaji, dole ne a jira shi?

Ya danganta da abin da aka yi alkawari kafin a tashi, shi ya sa ake faɗa tun a wurin haɗuwa. Akwai fitar da aka ce ba a barin kowa, akwai ta atisaye mai zafi wadda kowa ya san in ka faɗo ka nemi hanyar gida. A ta farkon, ana tsayawa gaba ɗaya a gefen hanya inda mota ba za ta same ku ba, mutum ɗaya ko biyu su taimaka, sauran su yi haƙuri da ba da shawara. A wurin hawa kowa ya hau da ƙarfinsa, a haɗu a sama. Kuma idan na ƙarshe ya iso yana haki, a bar shi ya sha ruwa. Tashi da zarar ya iso zalunci ne, tunda su sun huta shi bai huta ba.

Masu mota suna jin haushin mu. Laifin wa?

Wani lokaci nasu, wani lokaci namu. Tafiya biyu-biyu tana da hujja: ayarin mutum goma a jere biyu ya fi gajarta, mota ta fi saurin wuce shi, kuma direba ba zai yi gangancin matsowa a inda babu wuri ba. A Birtaniya dokar hanya da aka sabunta a 2022 ta nemi direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke. Amma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kowa ya san tasa. A ƙuntatacciyar hanya da motoci suka taru a baya, a koma layi ɗaya. Jar danja kuwa ta kowa ce. Ɗaga hannu ga direban da ya yi haƙuri ba ya cin komai, kuma mai keken da zai haɗu da shi gobe ne zai ci ribar.

Yaya zan san tsayin sirdi ya yi daidai?

Hanya mafi sauƙi: ka zauna a sirdi, ka ɗora dunduniyarka kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da tudun tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, abin da ake so ke nan. Akwai kuma lissafin da ake dangantawa da tsohon zakaran tseren keke Greg LeMond: ka auna daga ƙasa zuwa matsematsinka ba takalmi, ka ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisan tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Duka biyun mafari ne, jiki ne alƙali. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta ko ƙugu yana rawa hagu da dama, ya yi sama. Ka riƙa canzawa da milimita biyu ko uku, kada ka yi tsalle. Sirdin kuma ya kwanta daidai, ko hancinsa ya ɗan sunkuya kaɗan ƙwarai. Idan sai ka karkatar da shi sosai kafin ka iya zama, to sirdin bai dace da kai ba, ko tsayin ne ba daidai ba.

Na ga ƙwararru kan kekensu yana can ƙasa. In sauke nawa?

Ƙwararren nan shekarunsa ashirin da wani abu, yana hawa awa ashirin ko fiye a mako, yana da mai yi masa tausa kowace yamma. Kai kana zaune a ofis ko shago. Kan keke mai ƙasa yana rage iska idan za ka iya zama a haka, amma in bayan awa ɗaya wuyanka ya sage, hannunka ya mutu, ka koma riƙe sama da gwiwar hannu a miƙe, ka yi asarar abin da ka je nema. Gwaji mai kyau shi ne ko za ka iya riƙe lanƙwasar ƙasa na minti goma cikin natsuwa, yatsunka suna kai wa birki. Kada ka yanke bututun gaba sai ka yi watanni kana jin daɗin tsayin, domin abin da aka yanke ba ya dawowa. Idan kayan na kabon ne, ka ɗaure kusoshi da ma'aunin ƙarfi, adadin yana rubuce a jikinsu, galibi tsakanin 4 zuwa 6 a ma'aunin Nm.

Wani abu da yake kayar da masu aron keke: a Ingila birkin gaba yana hannun dama, a Amurka da yawancin Turai yana hagu. Ka gwada kafin ka hau.

Siririyar taya mai iska kamar dutse ta fi gudu, ko ba haka ba?

Haka aka ɗauka shekaru da yawa, lokacin da kowa yake kan taya mai faɗin milimita 23. Yanzu ƙwararru kansu sun koma 28 zuwa 30, da iska ƙasa da ta da. Dalili shi ne kwalta ba gilashi ba ce. Taya mai tauri tana tsalle kan kowane ɗan gargada, jijjigar tana shiga jikinka, kuma wannan jijjigar ƙarfi ne da yake tafiya a banza. Tana sa ka ji kamar kana gudu, agogo kuwa yana faɗin wani abu daban. Iskar da ta dace ta danganta da nauyinka da faɗin tayar, kuma ta gaba takan ɗan fi ta baya laushi. Kada dai ka wuce iyakar da aka rubuta a jikin taya ko rim.

To su dokokin safa da tabarau da aske ƙafa fa?

Nan ne ake shan dariya. Ana cewa hannun tabarau ya bi ta saman igiyar hular kwano. Ana cewa tambarin taya ya zo daidai da bawul. Ana cewa in za a ɗauki keke hoto, a ɗauke shi ta ɓangaren sarƙa, sarƙar tana kan babban faranti. Ana cewa launin sirdi ya dace da na tef ɗin kan keke, gorunan ruwa biyu su zama iri ɗaya, safa kada ta yi gajarta kada ta yi tsawo.

Wasu suna da ɗan dalili a ƙasansu. Tambarin taya a kan bawul yana taimaka maka gano inda ƙaya ta shiga: ka ga inda tib ya huje, ka auna daga bawul, ka je daidai wurin a taya. Tabarau a saman igiya yana iya fita da kansa idan an faɗi. Aske ƙafa yana sauƙaƙa tausa da wanke ciwo in an goge da kwalta, ko da yake yawancin masu yi don a gane su 'yan gida ne suke yi. Batun safa ma har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta sa baki: a gasa safa ba ta wuce rabin tsakanin idon sawu da gwiwa, saboda wasu yadudduka suna rage turjiyar iska. Wannan dokar gasa ce, ba ta shafi mai fita ranar hutu ba.

Wanda ba wasa ba a cikinsu shi ne wandon keke mai soso: ba a sa kamfai a ƙarƙashinsa, ɗinkin zai goge ka, kuma a wanke shi bayan kowace fita. Hular kwano ma haka. Ƙwararru sun daɗe suna turjiya, sai da Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya rasu bayan faɗuwa a tseren Paris-Nice a 2003 aka wajabta ta.

Ra'ayina shi ne waɗannan al'adun suna da daɗi muddin raha ce tsakanin abokai. Ranar da aka yi amfani da su aka kunyata yaron da ya zo da tsohon keken da ya iya saya, sun zama wulaƙanci. Na sha ganin mai doguwar safa da keken ƙarfe ya bar masu kwalliya a gindin tudu.

Feda mai maƙale takalmi ba ta da haɗari?

Za ka faɗi sau ɗaya, kuma a tsaye za ka faɗi, a gaban jama'a. Ni a danja abin ya same ni: na tsaya cak, na manta ƙafata a ɗaure take, na tafi gefe a hankali kamar bishiyar da aka sare, ina kallon wani direba yana ƙoƙarin danne dariya. Ba abin da ya ji ciwo sai girma. Ka sassauta maƙallin, ka jingina da bango ka yi ta murɗa dunduniya waje har ƙafa ta haddace, kuma ka cire ƙafa tun kafin ka tsaya. Kamfanin Look ne ya yaɗa irin wannan feda a 1984, Bernard Hinault ya ci Tour de France, babban tseren keke na Faransa, da ita a 1985. In za ka kwance feda, ka tuna ta hagu zarenta a juye yake.

Zan iya sa rigar rawaya ko mai bakan gizo?

Babu ɗan sandan da zai kama ka. Amma al'adar masu keke ita ce rigar zakara cin ta ake yi, ba sayen ta ba. Rawaya ta mai jagorancin Tour de France ce. Mai bakan gizo ta zakaran duniya ce, shekara ɗaya yake sa ta, bayan nan ya riƙe zanen a bakin hannun riga da wuya har ya yi ritaya. Rigar ƙungiyar da kake so kuwa, sa abarka.

Na kalli Tour de France, wani ya riga kowa isowa amma aka ce ba shi ne kan gaba ba. Yaya abin yake?

Tseren zango 21 ne cikin mako uku, kusan kilomita 3,500, da ranakun hutu. Kowane zango yana da wanda ya ci shi, amma zakaran gaba ɗaya shi ne wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta. Ana iya cin Tour ba a ci zango ko ɗaya ba, kamar yadda LeMond ya yi a 1990 da Chris Froome a 2017. Mai jagorancin jimillar shi yake sa rigar rawaya, wadda aka fara a 1919, shekara 16 bayan jaridar L'Auto ta ƙirƙiro tseren a 1903. Koriya ta mai yawan maki ce, galibi masu gudun ƙarshe. Fara mai jajayen ɗigo ta gwanin hawan dutse, fara sol ta matashi ɗan ƙasa da shekara 26. Akwai wasu manyan tsere biyu irinsa. Giro d'Italia na Italiya da aka fara a 1909 rigarsa ruwan hoda ce, launin takardar jaridar da ta kafa shi. Vuelta ta Sifaniya, tun 1935, yanzu ja ce.

Bayan mako uku ratar tana iya zama abin mamaki. A 1989 LeMond ya doke Laurent Fignon da daƙiƙa 8 kacal, a ranar ƙarshe. Mutum huɗu ne suke da kofi biyar-biyar: Jacques Anquetil, Eddy Merckx, Hinault da Miguel Indurain. A yawan zango kuwa Mark Cavendish ya kai 35 a 2024, ya wuce 34 na Merckx.

Idan mutum ɗaya ne zai ci, mene ne amfanin ƙungiya?

Kowace ƙungiya tana zuwa da mutum takwas, kuma yawancinsu sun san ba don kansu suka zo ba. Akwai madugu, akwai hadimai. Hadimi shi yake tare wa madugu iska tun safe, ya koma wurin motar ƙungiya ya cusa goruna shida ko bakwai a riga ya dawo da su, ya ba da tayarsa ko kekensa gaba ɗaya in na madugu ya lalace, ya ja ayari a gindin dutse har ƙarfinsa ya ƙare ya koma gefe kamar an zare masa laka. Wasu sukan yi shekara goma suna wannan aiki ba su ɗaga hannu a layin ƙarshe ko sau ɗaya ba. Shi ya sa al'ada ce zakara ya raba kuɗin kyautarsa ga abokan ƙungiya da ma'aikata. Da ka fara gane aikin hadimai, zangon da kake gani kamar ba a yin komai sai ya zama kamar wasan dara.

Me ya sa ake barin wasu su tsere tun farko?

Domin ayari ya san zai kamo su. Mutum biyar da suke raba iska tsakaninsu ba za su ja da mutum ɗari da hamsin ba. Akwai tsohon lissafin da ake dangantawa da mai sharhin Faransa Robert Chapatte: ayarin da ya sa kai yana cin kusan minti ɗaya a kowane kilomita 10. Ba a son a kamo su da wuri, don kada wasu masu sabon ƙarfi su sake ɓallewa. Su kuma masu tserewar suna samun awanni ana nuna sunan mai ɗaukar nauyinsu a talabijin, kuma jefi-jefi lissafin ayari yakan kuskure su kai labari.

Gaskiya ne ba a kai wa mai rigar rawaya hari idan ya faɗi?

Wannan ita ce muhawarar da ba ta ƙarewa. Babu ita a littafin doka, amma ana ganin cin nasara kan wanda ya faɗi ko kekensa ya lalace ba shi da albarka. A 2003 Lance Armstrong ya faɗi a hawan Luz Ardiden bayan kan kekensa ya sarƙe da jakar wani ɗan kallo, Jan Ullrich ya sassauta. A 2022 Tadej Pogačar ya zame a wata gangara, Jonas Vingegaard ya jira shi, suka yi musabaha a kan keke. A 2010 kuwa sarƙar Andy Schleck ta zame a hawan dutsen Port de Balès yana sanye da rawaya, Alberto Contador ya wuce abinsa ya ci daƙiƙa 39. Da aka je Paris, inda tseren ya ƙare, ratar da ke tsakaninsu daƙiƙa 39 ce cif. Daga baya an ƙwace wannan kofi daga Contador saboda gwajin ƙwaya, aka ba Schleck, amma har yau ana musu kan abin da ya faru a dutsen.

Abin da nake gani: idan tsere bai kankama ba, a jira, haka ma lokacin da madugu ya tsaya biyan buƙata ko ana karɓar jakar abinci. Idan kuwa an riga an buɗe wuta, babu wanda za a ɗora wa nauyin tsayawa. Iya canza giya da iya shan kwana suna cikin gasar. Abin da ba na so shi ne mahayin da zai ce bai gani ba, alhali rediyon ƙungiyarsa yana kunnensa. Dokar da aka rubuta a wannan fanni ita ce ta kilomita 3 na ƙarshe: a zangon da ba a dutse yake ƙarewa ba, wanda ya faɗi a cikinsu ana ba shi lokacin rukunin da yake ciki.

Ban da manyan tsere uku, me ya cancanci kallo?

Tseren yini ɗaya guda biyar da ake girmamawa fiye da saura: Milan-San Remo mai kusan kilomita 300, Tour of Flanders a Beljiyam, Paris-Roubaix, Liège-Bastogne-Liège wanda ya fi su tsufa tun 1892, da Il Lombardia a ƙarshen kaka. In ɗaya za ka kalla, ka kalli Paris-Roubaix. Sama da kilomita 50 ana bin tsofaffin hanyoyin gona da aka shimfiɗa da duwatsu, ƙura in rana, taɓo in ruwa, a ƙare a filin tseren keke na Roubaix, kuma kyautar zakara dutse ne daga irin na hanyar. Mata sun fara nasu a 2021, Tour de France na mata kuma ya dawo a 2022.

Har yanzu ana shan ƙwaya?

Tambaya ce da wasan ya jawo wa kansa. A 1998 an kama motar wata ƙungiya cike da magunguna ana gab da fara Tour. A 2012 aka soke kofuna bakwai na Armstrong, daga 1999 zuwa 2005, kuma ba a ba kowa su ba, shekarun suna nan babu zakara. Tun 2008 ana bin jinin kowane ƙwararre a kai a kai don a ga ko ya canza ba dalili. Gudun yau yana da wasu dalilai na fili: kekuna da tufafi masu keta iska, taya mai kyau, da cin abinci mai yawa a kan keke fiye da da. Mai shakka yana da hujjarsa a tarihi, amma zargin mutum da suna ba shaida wani abu ne daban.

Wasan Turawa ne kawai?

Gidansa Turai ne, amma ƙofa ta buɗe. Daniel Teklehaimanot ɗan Iritiriya ya sa rigar gwanin dutse a Tour na 2015. Biniam Girmay, shi ma ɗan Iritiriya, ya ci Gent-Wevelgem da zango a Giro a 2022, sannan a 2024 ya ci zango uku a Tour ya tafi gida da koriyar riga. A 2025 aka yi gasar duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a Afirka, Pogačar ya lashe ta maza.

Wanda ya zo na ƙarshe fa, me ake ba shi?

Suna. Faransawa suna kiransa jar fitila, daga fitilar da ake ratayawa a taragon ƙarshe na jirgin ƙasa. Ba abin kunya ba ne, domin kowane zango yana da wa'adin lokaci, wanda ya wuce shi an sallame shi. Masu nauyin jiki sukan haɗu a rukuni ɗaya a ranakun dutse, wani tsohon hannu yana lissafa musu gudun da zai kai su kafin a rufe ƙofa, suna raba ruwa da iska ko da ƙungiyoyinsu daban. A da, mai jar fitila yakan samu gayyata zuwa ƙananan tsere masu biyan kuɗi bayan Tour, har wasu suna ja da baya da gangan don su same ta. Wim Vansevenant ɗan Beljiyam, hadimi ne, ya riƙe ta sau uku a jere, daga 2006 zuwa 2008.